Kukan Da Motarka Ta Yi, Malam

Zuwa ga maigidana, Malam Direba, a makwancinka na gaskiya.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai mutanen gidanka na Zongo duk lafiya. Jikokinka sun ƙaru, haƙorana sun ragu. Kutonu tana nan yadda ka bar ta, sai dai yanzu kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya. Ni da furfurata, ɗan sanda ya tare ni a bakin kasuwar Dantokpa ya ce da ni kamarad. Na ce to, juyin juya hali ya iso har kan tallar goro.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar motarka ce, wadda muke kira Dattijuwa.

Tun da ka tafi, autanka Isufu ke jan ta, daga kasuwa zuwa garin Kalabi, ya kwaso fasinja ya dawo. Ba shi da hannunka, amma yana wanke ta. Da damina ta kama, sai ta soma wani kuka daga ƙarƙashin ƙafafun direba. In tana tsaye, giya a firi, sai ka ji ƙir-ƙir-ƙir, kamar gyare ya shiga tukunya. In aka taka kuloci, wanda yaran nan ke kira ambarayaj, sai ta yi tsit. A saki ƙafa, ta dawo da ƙorafinta.

Ka tuna ranakun Lahadi? Ka ɗora ni a kujerar direba, ni da ban taɓa tuƙa ko amalanke ba, kai kuma ka shige ƙarƙashi a kan buhu. Ka sace mini muciya daga madafa, ka dafa kanta a jikin ƙarfe, gindinta a kunnenka. Ƙafata a kan kuloci, daga can ƙasa nake jin umarni: taɓa kaɗan, kai rabi, kai har ƙasa, saki. Ni kuwa ina takawa ina ɓare gyaɗa, ina gaisawa da masu wucewa kamar matar minista. Maƙwabta suna cewa ga Hajiya za ta Makka ba ta motsa ba.

Kullum in ka fito kana kakkaɓe riga sai ka ce, ƙarfe yana da ciwon yatsa, yana da ciwon ciki, kuma wurin da ya yi shiru in ana taka kuloci shi ke faɗa maka wanne ne. Na haddace maganar tsaf, har ina kwaikwayonka a gidan suna mata na dariya. Amma ban taɓa tambayarka wane shirun ne na yatsa ba. Me zai sa in tambaya? Ga kunne a gida.

Isufu ya kai ta wurin makanikai biyu. Na bayan masallaci ya ce akwatin giya ne ya ci kansa daga ciki, gara a rabu da ita tun tana tafiya da ƙafarta. Na hanyar Kajehun ya ce boris ɗin kuloci ne ya bushe, wato ɗan ƙarfen nan mai juyawa, shi da cokalin da ke tura shi, maiko kawai suke roƙo. Dukansu sun rantse. Dukansu kuma sun ce ba a tabbatarwa sai an sauke giyar ƙasa. To in aka sauke aka tarar ciwon ciki ne, ina za a samo kayan? Iyakar Najeriya a rufe, kantunan gwamnati sai ƙura da hoton shugabanni. Mai saye kuma ba ya sayen mota a cikin kwanduna.

Yaron yana son a sayar da ita ya sayi babur, irin wanda samari suka fara ɗaukar mutane a kai. Yana da iyali, ban ga laifinsa ba. Amma ya ƙi yanke hukunci. Ya durƙusa ya ce ni na fi kowa daɗewa da ƙafa a kan kulocin nan, abin da na ce shi za a yi.

Malam, na hau. Kujerar har yanzu da ramin zamanka, na nutse a ciki. Na taka, na saki, na taka, na saki, har gwiwata ta yi tsami. Na aika aka kawo muciyar, na sunkuya da ƙyar na kara a kunne. Abin da na ji, duniya ce gaba ɗaya ke niƙa. Ƙarfe ya yi ta yi mini magana, ni kuwa kamar an sa ni a gaban rediyon Faransanci. Na kira ka a zuciyata da sunan da ban taɓa kiranka da shi a fili ba. Ba ka amsa ba, dama can amsawa ba halinka ba ce in kana ƙarƙashin mota.

Na ji tsoron kada in ce a buɗe, in bar jikokinka ba mota ba babur. Na ce a sayar.

Jiya da hantsi mai sayen ya zo, wani dattijo daga Kalabi mai dakon abarba. Bai duba fenti ba, bai buga taya ba. Ya tayar da ita, ya karkata kai gefe, ya ɗora ɗan yatsan ƙafarsa a kan kuloci, ko dannawa bai yi ba. Kukan ya ɗauke. Sai na ga murmushi ya kufce masa, ya yi maza ya haɗiye. Bai nemi ragi ba. Kai ka san mutanen garin nan, ko ƙwai ɗaya sai an ja.

Na so in tambaye shi ko ashe ciwon yatsa ne kawai. Amma an riga an tafa hannu, ga shaidu. Isufu yana ta murna, ban ce masa komai ba, kuma ba zan ce ba. Kai kaɗai nake gaya wa, don kai ba ka kai tsegumi.

Yau da safe na share ƙofar gida. Wurin ya yi faɗi ƙwarai, ban san haka filin yake da girma ba. Yara har sun fara buga ƙwallo a ciki.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka fi nan hutawa. Allah ya tsare Isufu a kan ƙafa biyu kamar yadda ya tsare ka a kan huɗu. Dattijuwa kuma, Allah ya sa mutumin nan ya ba ta maikonta.

Ni ce taka,
tsohuwar gidanka ta Zongo.