Tulun Ladi a Layin Famfo

Daren Laraba, tsakiyar damina, 1958

Na gaji tilis, amma sai na rubuta wannan. Ai don irin yau na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Na kai Ladi, ɗan daudu irina, asibiti. Jiya ta iso daga ƙauyenmu bisa jaki, ƙafa ta kumbura da kurkunu. Na hau ta da faɗa: "Ke ƙawata, ga rijiya a gari, mi ya kai ki shan ruwan tabki?" Sai tac ce matan garin sun hana ta ɗiba tare da su, wai ba su jerawa da ɗan daudu. In ta jira lokacin maza kuma, sai jifa da dariya. Shekara biyu tana sha inda shanu ka sha. Kunya ta kama ni.

Malamin asibiti ya dubi ɗankwalinta, na zaci korar mu zai yi. Abin da yac ce kawai, "Miƙo ƙafar." Ya wanke, ya naɗe kan tsutsar a tsinke, yac ce mu dawo jibi.

Da munka biyo ta famfon unguwarmu, ta ƙura wa tulunan da anka jera ido. "Yaya, yaushe ne lokacin irinmu?" Na ce nan ma ana zaginmu, amma a famfo tulu ka bin layi, ba a tambayar na wane ne. Ba ta yarda ba.

Na saya mata sabon tulu. Gobe da safe ni zan ɗauka, ita ta dogara sanda, amma da hannunta za ta aje shi a layi.