Yau Ban Ruga Ba

Laraba da dare, Ƙanƙara

Kafaɗata ta dama sai ciwo take, amma ko a jikina. Yau aka raba mana bindigogi, mu masu gadin daji. Tsofaffin na soja ne da aka gyara, ba sa ɓarin wuta, ɗaya-ɗaya suke fitarwa. Tawa duk ta goge wajen riƙo.

Na sha kunya wurin gwaji. Tun ina saurayi da harba-ka-ruga nake shiga daji, jiki ya saba: ka harba, ka ruga bayan icce ka sake ɗura albarushi. Ina danna kunama sai ga ni bayan kuka ina laluben aljihu. Kowa ya fashe da dariya, ban da Malam Sada mai koya mana. Ya ce, "Dawo, Lawal, da sauran harsashi cikinta. Tsaya inda kake." Na tsaya, na ƙara harbawa.

Ban ce ɓarayin daji sun ƙare ba, nasu makaman sun fi namu. Tsoro na nan.

Da na ba Inna labari ba ta yi dariya ba. Tambaya ta yi ko sintirinmu zai kai gonar Baba ta wajen Yargoje, wadda muka bari tun da aka fara ɗaukar mutane. Na ce in sha Allahu. Yanzu haka ina jin ta tsakar gida, tana zazzage irin dawa a faifai.