Motar Madara a Bakin Bola

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Kada karkacewar rubutuna ta tsorata ki, da hagu nake yi. Yau kwanana shida a asibiti.

Kin san shekara tara nake tuƙa motar kamfaninmu zuwa bola, ina juye madara da biskit da suka kusa lalacewa. Mutanen wurin sun san ƙarar motata. Su ci, su kai wa 'ya'yansu, su sayar da kwalaye da gwangwanaye. Watan jiya kamfani da gwamnati suka ƙulla yarjejeniya cewa an daina zubarwa. Abincin a kai masana'antar abincin kaji, robobi da kwalaye a sake sarrafa su. Abu mai kyau, wallahi. Sai dai ba wanda ya tuna da mutanen bola, kuma sabuwar hanyata ta gabansu ta bi.

Ranar Talata da hantsi suka tare ni da tayoyi. Mai gadin da kamfani ya haɗa ni da shi ya diro, ya ɗirka wa wata tsohuwa gindin bindiga a baki, haƙora suka zubo. Shi ke nan wuri ya rikice. Aka fasa gilashi, aka finciko ni ta taga, wani ya danne hannuna a ƙasa ya sauke min rodi har sau uku. Mai gadin ya yi harbi. Wani mai tura kura ya faɗi kusa da ni, jininsa ya gauraya da madara yana shiga kunnena.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci. Ina fatan kowa lafiya.

Mai kurar ya rasu. Ni kuma an cire min yatsu biyu, likita ya ce na yi bankwana da tuƙi.

Jiya ɗan sanda ya kawo min hotunan mutanen bola, in nuna wanda ya doke ni. Na huɗun shi ne mai rodin, mutumin da kullum yake tsaya min in zan yi baya da mota. Na nuna shi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Sannan na ce a rubuta cewa mai gadi ne ya fara, kuma shi ya yi kisa. Ɗan sandan ya rubuta maganata ta farko, ya rufe bironsa, ya yi min ya jiki.

Ki zo, don Allah.

Ƙaninki,
Dogo