Na'urar mijina tana yi masa ƙarya

Yaya Kuo, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina liƙa waya da dalma a wata masana'antar kayan lantarki a Kaohsiung. Mijina Liao kifi yake kiwo, kududdufai biyu da ya gada a Chiayi. Lafiya muke zaune, ba ni da abin kuka da shi. Bana ne ya ce shi ma zai koyi aikin lantarki, ya haɗa 'yar na'ura mai juya ƙarfin wutar batir zuwa lamba, don mu san ko baturan za su riƙe injin kaɗa ruwa mai ba kifi iska in guguwa ta yanke wuta. Wata biyu ya yi a kanta. Kullum da safe, muna shan faten shinkafa da kifi, sai ya leƙa ta ya dawo yana murmushi. Ya ma nuna wa maƙwabta.

Shekaranjiya yana kasuwa na sa tsohuwar mitata ta auna wuta a kan batirin. Na'urarsa ta ce sha biyu da ɗigo takwas, mita ta ce sha biyu da ɗigo ɗaya. Na kuma gano dalili. Wutar da ke ciyar da allon na'urar ita ce ma'aunin da take gwada ƙarfin batir da shi, to da injin ya tashi sai ta ragu, lambar ta hau. Wato batir na mutuwa, ita tana cewa lafiya lau. Minti ashirin sun ishe ni in gyara a ɓoye. Amma tun rasuwar yayansa ban ga abin da ya faranta masa rai haka ba. Ga lokacin guguwa ya zo. In faɗa, ko in gyara in yi shiru?

Mai Dalma, daga Chiayi

Ƙanwata Mai Dalma,

Tausayinki yana kan hanya, mutum ya sami abin da ya dawo masa da walwala, ba a so a taɓa. Amma kifin da ya rasa iska na awa uku ba ya tashi, kuma in kika gyara a ɓoye, ranar da ya buɗe akwatin na'urar zai gane hannunki. Wannan ya fi kuskuren ciwo.

Ki ba shi mitar a hannunsa. Ya auna injin na kashe, ya sake aunawa yana aiki, ya rubuta duka kusa da lambobin da na'urarsa ta nuna. Zai ga bambancin da idonsa. In ya tambaye ki, ki gaya masa gaskiya: ma'auni tsayayye na daban na'urar take buƙata, da wayar ƙasa, wato wadda wuta ke komawa batir ta cikinta, tata ita kaɗai, ba wadda injin ke bi ba. Ki bar shi ya liƙa da kansa, ko da dalmar ta taru kamar ƙwallo. Wataƙila ya yi fushin yini guda. Ki yi wannan kafin ƙarshen mako, kada ki jira sanarwar guguwa.

Ina yi muku fatan damina mai sauƙi, da kifi masu ƙiba.

Yaya Kuo