Tabarmar da ta shaƙe mukayyif

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan Makka lafiya, sai zafi.

Ka tuna babbar motar nan mai gado da kicin da nake tuƙa wa maigidana? Na ce maka mukayyif ɗinta, wato na'urar sanyi, ba ya iya rana, ka ce in ɗaura jiƙaƙƙiyar tabarma a rufin motar yadda Baba ke yi wa rumfarsa. Na ɗaure ta tam. Ashe ta saman nan yake numfashi! Muna hanyar Ɗa'if da azahar ya shaƙe ya mutu. Mota ta koma tanda, mahaifiyar maigida har ta kusa suma. Makanike ya sauko da tabarma yana tambayar wane gwani ne ya yi wannan. Ban ambaci sunanka ba. Maigida ya ce in na ƙara, in ajiye makulli.

A taya ni addu'a kada aikin nan ya kuɓuce. Gai da kowa. Tabarmar kuwa na ajiye maka, in ka zo Umara a kanta za ka kwana.

Ƙaninka,
Habibu