Gwiwar Abarshi

Badagishiri, Maris 1989

Zuwa ga ƙanwata Awa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti can Yamai.

Gwiwar nan da na gurɗe a kokowar Ƙonni ta ƙi. Maɗori ya ɗora har ya gaji. Yanzu daga ɗaki sai zaure, matata Uwani ce ke ban ruwan albasa ita kaɗai. Wani jandarma ya ce mini a ƙasar Turawa ana cire gwiwa a sa ta ƙarfe, mutum ya tashi garau. Ga hoton ƙashin na aiko, ki nuna wa lokotoronku, likitan ƙashi.

Ni ne wanki,
Abarshi

Yamai, Mayu 1989

Yaya,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Lokotoro ya duba hoton. Ya daɗe yana bin labarin waɗanda aka sa wa gwiwar ƙarfe a waje, yana rubuta yadda suka ƙare. Ya ce tsofaffi tana zauna musu. Masu ƙarfi irinka, masu noma, ƙarfen yana kwancewa da wuri, kuma aiki na biyu ya fi na farko muni. Ya ce ka yi ƙuruciya, sai ka kai sittin.

Akwai wata hanya: ya haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya. Ciwo zai tafi, za ka yi tafiya, amma ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Ka yi haƙuri, ban iya ɓoye maka ba.

Ƙanwarka,
Awa

Badagishiri, Yuli 1989

Awa, ina gaisuwa.

Wato ƙuruciyata ce laifina. Shekarata talatin da huɗu, in zauna a zauren nan ina jiran furfura? In kuma an sandarar da ƙafar, yaya zan yi sujada, yaya zan tsuguna in dasa albasa? Jiya an yi kiɗan kokowa a fili, Uwani ta zo ta saki asabari don kada in ji. Na ce mata ta bari, kunne ba ya da ƙofa. Sai ta fashe da kuka.

Ban yarda ba. Zan jira.

Wanki,
Abarshi

Badagishiri, Fabrairu 1990

Awa, gaisuwa.

Ranar kasuwa Jummai, 'yata mai rarrafe, ta nufi bakin rijiya. Ina kallo, na yunƙura, na faɗi. Kira kawai na iya, har maƙwabciya ta zo ta ɗauke ta.

Munkaila direba zai ɗauko ni a motar siminti daga Malbaza ranar Litinin. Ki gaya wa lokotoro ya sandarar da ƙafar. Sallah zan yi a zaune.

Sai na iso,
Abarshi