Baturen Landan da Ke Zaune a Tudun Wada

Zuwa ga Alhaji Furodusa, mai kamfanin da ya shirya fim ɗin nan na zamanin shigowar Turawa ƙasar Zazzau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ina taya ka murnar kasuwar da fim ɗinka ya yi. Sunana Malam Jatau, tsohon malamin firamare a nan Tudun Wada, Zariya. Idan sunan bai faɗo maka ba, ni ne Baturen fim ɗin. Na buga wayarka har na gaji, shi ya sa na biyo ta jarida.

Na ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce ina kan kujerar mai aski a Kwangila na ji ka a rediyo. Ka ce fim ɗin ya ci miliyoyi, ya mayar da su har da riba mai kauri. Ka ce abin da ya fi cinye kuɗin shi ne ɗauko Bature takanas daga Landan, da kuɗin jirginsa da otal da abincinsa na musamman. Alhaji, jirgin da ya ɗauko ni ɗan acaba ne. Otal ɗin inuwar mangwaro ce a bayan Hanwa, abincin na musamman kuwa shinkafa da wake da mai da yaji. Mai askin ya yi dariya har ya kusa tafiya da kunnena.

Na biyu, bari in tuna maka yadda aka yi. Daraktanka ne ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce kuɗin da aka ware wa Bature sun tafi wajen hayar dawakai da ɗinkin kakin sojoji, ga ni kuma Allah ya yi ni ja, ina jin Turanci. Na ce ina da gemu. Ya ce Turawan wancan lokaci gashin baki kawai suke bari. Haka aka share gemun da na daɗe ina tattali, aka shafe ni da hoda, aka kifa mini malafar Turawa, aka miƙo mini gajeren wando, ni da ko 'ya'yana ba su taɓa ganin gwiwata ba. Ya rantse cewa a manyan sinimomin Kano da Abuja kaɗai za a nuna, babu wanda zai gane ni. An ba ni naira dubu ashirin, na karɓa na yi godiya, kuma ba ƙari na zo nema ba.

Na uku. Yau fim ɗin yana cikin wayar kowa a Tudun Wada. Mai nama ya ƙara mini kuɗi, wai Bature ba ya ciniki. Tsofaffin ɗalibaina, manyan mutane da iyali, sukan ƙame su sara mini a tsakiyar titi. Ga kuma wurin da na faɗo daga doki. Ka sani, na sani, ba ya cikin labarin, faɗuwa ce ta gaske, har da salatin da na saki da Hausa tsantsa. Kuka bar ta saboda tana jawo 'yan kallo. Yanzu duk sa'ad da muka sami saɓani da matata Hajara, sai ta kunna wurin ta ajiye wayar a gabana ta koma kicin.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Na huɗun ne ya sa na ɗauki biro.

Ɗana Auwalu yana neman auren wata yarinya a unguwar Kongo, Bilkisu, kuma magana ta yi nisa. Ranar Lahadi na je gaida kakarta, Inna Tasalla, wadda ba a yanke komai a gidan sai da yardarta. Ashe jikoki sun nuna mata fim ɗin. Ita kuwa kakanta yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa aikin tilas na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, bai kuma dawo ba. Da wannan labari ta tashi a bakin mahaifinta. Ina durƙusawa ta ƙura mini ido, ta ce, "Wannan ai shi ne ya sa aka ɗaure mutane da igiya." Ɗanta ya ce, "Inna, wasa ne, Malam Jatau ne na Tudun Wada." Ta ce, "Ƙarya kake. Mai fim ɗin da bakinsa ya ce daga Landan ya zo, a rediyo na ji." Yara suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na ga hawaye a idonta. Ta ce muddin tana numfashi, jininta ba zai shiga gidan wanda ya ɗaure kakanta ba. Tun daga ranar nan Auwalu bai ci abincin kirki ba.

Don haka roƙona biyu ne. Ka koma gidan rediyon nan, a shirin nan, ka faɗi cewa Baturenka haifaffen Tudun Wada ne. Abin da za ka gaya wa waɗanda suka zuba kuɗi a fim ɗin game da tikitin jirgi, wannan tsakaninku ne. Sannan ranar Asabar bayan la'asar ƙannena za su koma gidan su Bilkisu. Ka zo da kanka, ka cire takalmi, ka durƙusa gaban Inna Tasalla ka yi mata bayani. Ka taho da goro mai kyau. Kada ka taho da kyamara.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya tsare ka daga asara, ya sa 'ya'yanka su yi aure ba tare da wani ya je rantsuwa cewa ubansu Bahaushe ne ba.

Wassalam.

Naka,
Malam Jatau,
Tudun Wada, Zariya.